Yadda Ake Gane Notholca, Rotifar Ruwan Sanyi, a Ƙarƙashin Madubin Likita

Rotifa ƙananan dabbobi ne da ke rayuwa a cikin ruwa, galibinsu a ruwan daɗi na tafkuna da kududdufai da koguna. Masana sun bayyana fiye da nau'i 2,000 daga cikinsu. Tsawon mafi yawansu yana tsakanin kashi ɗaya cikin goma na milimita da rabin milimita, don haka ido ba ya rabe su da ƙurar da ke yawo a ruwa. Amma duk ƙanƙantar nan, rotifa dabba ce cikakkiya. Tana da 'yar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tsoka da ciki da hanji da mahaifar ƙwai, da yawansu kuma suna da jan ido, duk an harhaɗa su da ƙwayoyin halitta kusan dubu ɗaya. Wani malamin coci ɗan Ingila, John Harris, ya bayyana ɗaya daga cikinsu a shekarar 1696, ba a jima ba kuma Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a ƙasar Holan ya yi nasa bayanin da madubin da ya ƙera da hannunsa.

Abubuwa biyu ne suka bambanta rotifa da sauran ƙananan halittun ruwa. Na farko shi ne kambin gashi da ke kanta. Gasusuwan suna kaɗawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har mai kallo ya ɗauka wani gargare ne ke juyawa, alhali babu abin da ke juyawa. Da wannan kambi take iyo, da shi kuma take janyo ruwa da abinci zuwa baki. Na biyu shi ne muƙamuƙi mai tauri da ke can cikin maƙogwaro, wanda ake hango shi ta cikin jiki yana buɗewa yana rufewa. Duk halittar da ta haɗa waɗannan biyu rotifa ce.

Mafi yawan rotifa suna zaune ne a jikin ciyayin ruwa ko a cikin laka ko gansakuka. Kaɗan daga cikinsu ne suka zaɓi tsakiyar ruwa, suna shawagi ba tare da sun kama komai ba, cikin taron ƙananan halittun da masana ke kira filankton. A ƙasashen da ake hunturu mai ƙanƙara, wannan taro yana sauyawa tare da shekara. Akwai waɗanda ba a ganin su sai ruwa ya ɗumama, akwai waɗanda suke nan koyaushe, akwai kuma 'yan tsiraru da ba sa bayyana sai ruwa ya yi sanyi ƙarara, har a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe tafki. Fitaccen misalin waɗannan na ƙarshe shi ne dangin Notholca, wanda masanin halittu ɗan Ingila Philip Henry Gosse ya raɗa wa suna a 1886. Ana samun sa a tafkunan Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa, da kuma can kudancin duniya inda ake sanyi. Tafkin Baikal na Rasha ma yana da nau'o'in Notholca nasa na kansa da ba a samun su a wani wuri.

Dalilin da zai sa dabba ta zaɓi lokacin da kowa ke gudu yana da nasaba da halin ruwa. Ruwan daɗi ya fi nauyi a ma'aunin zafi na digiri 4. A ƙarshen kaka da kuma lokacin narkewar ƙanƙara, zafin saman tafki da na ƙasansa yakan zo ɗaya, sai iska ta samu damar gauraya ruwan gaba ɗaya, ta taso da sinadaran da suka kwanta a ƙasa. Wannan ne ke ciyar da dayatom, wato ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya da ke cikin kwanson gilashi, waɗanda ke bunƙasa sosai a ruwan sanyi. A daidai lokacin kuma Daphnia, manyan masu tace ruwa da ke cinye abincin rotifa har su ji musu rauni, ba su riga sun yawaita ba. Ga abinci, ga ƙarancin abokan takara. Binciken da Linda May ta wallafa a 1980 kan tafkin Loch Leven na ƙasar Sukotilan ya nuna wannan a fili: Notholca squamula tana yawaita ne idan ruwa bai kai digiri 10 ba, kuma yawanta yana bin yawan wani dayatom mai siffar tauraro da ake kira Asterionella formosa, wanda take fasa kwansonsa ta cinye abin da ke ciki.

Saboda haka aikin gane ta yana farawa tun a bakin tafki, da ma'aunin zafi. Wanda ya ɗebo ruwa bai auna zafinsa ba, bai rubuta rana da wuri ba, ya zubar da rabin hujjarsa kafin ya isa ɗakin gwaji. Ana kama filankton da raga mai siffar mazurari, wadda aka ɗaura wa 'yar kwalba a gindi. Faɗin idon ragar yana da muhimmanci ƙwarai. Ana auna shi da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma ragar da ta dace da rotifa ita ce mai ido 30 zuwa 50. Idan idon ya fi haka faɗi, ƙananan za su zurare, idan kuma ya fi haka matsi, dayatom za su toshe shi nan da nan. Ana jan ragar a hankali, a juye abin da ta tara a fulas, domin dabbar da ta saba da digiri 4 ba ta jure ɗumin aljihu ko na mota. Akan raba ruwan gida biyu: kashi ɗaya a bar shi da rai a wuri mai sanyi, ɗaya kashin a zuba masa fomalin ko aidin na Lugol don ajiya.

Duba ta da rai shi ne ya kamata ya zo farko. Ana ɗiga ɗigo guda a kan gilashin gwaji, a ɗora masa siririn murfin gilashi. Kafin a ɗora murfin, akan shafa ɗan basilin a kusurwoyinsa huɗu don ya tsaya a kan ƙafafu, kada ya murƙushe dabbar. Wannan 'yar dabara tana da wani amfanin: idan aka danna murfin kaɗan-kaɗan da tsinin allura, za a iya tsare dabbar wuri guda ba tare da an kashe ta ba, idan kuma aka tura shi gefe sai ta mirgina, a ga bayanta da cikinta da gefenta. Ana farawa da ƙaramin ƙarfin madubi, ninki 40, a nemo abin da ake nema, sannan a hau zuwa 100, daga baya 400. Fitila mai zafi tana kashe Notholca cikin ɗan lokaci, shi ya sa aka fi son fitilar da ba ta ɗumama gilashi, ko a riƙa kashe ta tsakanin duba da duba. Idan dabbar ta ƙi tsayawa, ɗigon ruwan soda yana sa ta lafa.

Abin da ido zai fara gani a ɗigon ruwan hunturu shi ne cunkoso: taurarin Asterionella, da 'ya'yan ƙananan jatan lande na ruwan daɗi masu tafiya da zabura, da halittu masu ƙwayar halitta ɗaya waɗanda gashi ya rufe. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi ruɗar sabon shiga, don girmansu ɗaya da rotifa kuma su ma gashi ke tafiyar da su. Muƙamuƙi ne ke raba gardama, domin su ba su da shi. Notholca kuwa tana tafiya sumul, tana murɗawa a kan tsawonta sa'ad da take ci gaba, jikinta garau kamar babu komai, sai jan ido ɗaya a bayan kambi da kuma ciki mai launin ruwan ƙasa ko ruwan zinariya, launin dayatom ɗin da ta ci.

Da an tabbatar rotifa ce, tambaya ta gaba ita ce ko tana da sulke. Fatar wasu rotifa taushi gare ta, jikinsu yana lanƙwasawa yana sauya siffa. Irin su Synchaeta ke nan, waɗanda su ma suna yawaita a ruwan sanyi. Fatar wasu kuwa ta yi tauri ta zama kwanso mai siffa tsayayya, wanda dabbar ke janye kanta cikinsa idan ta firgita. Ana gane wannan cikin sauƙi: a ƙwanƙwasa gilashin a hankali, a ga ko gefen jikin zai sauya. Na Notholca ba ya sauyawa. Sulkenta faranti biyu ne, na baya mai ɗan tudu da na ciki wanda ya fi shi shimfiɗa, kuma a bakinsa na gaba, ta wajen baya, akwai ƙayoyi shida gajeru. Sau da yawa biyun tsakiya da biyun gefe sun fi waɗanda ke tsakaninsu tsawo.

Sai batun ƙafa, kuma a nan ake bukatar haƙuri. Ƙayoyi a bakin sulke alama ce ta iyalin Brachionidae, kuma a cikin iyalin akwai masu ƙafa da marasa ƙafa. Dangin Brachionus suna da ƙafa ɗaya doguwa mai zobe-zobe da 'yan yatsu biyu a ƙarshe, amma sukan janye ta ciki gaba ɗaya, musamman idan an sa su a fomalin. Wanda ya leƙa sau ɗaya ya ce babu ƙafa zai iya yin kuskure. Abin da ake nema shi ne ƙofar ƙafar, wani rami a ƙarshen sulke ta wajen ciki, wanda yake nan ko da ƙafar ta ɓuya. Notholca ba ta da ƙafa sam, ba ta kuma da wannan ƙofa. Da wannan an rage masu takara zuwa dangi kaɗan, waɗanda suka fi muhimmanci su ne Keratella da Kellicottia da ita Notholca ɗin.

Kellicottia ba ta da wahalar fitarwa. Jikinta siriri ne, ƙayoyinta na gaba ba su daidaita ba, ɗaya ta zarce sauran nesa, ga kuma wata doguwa a baya. Tsakanin Keratella da Notholca ne ake tsayawa a duba da kyau, domin duka biyun suna da ƙayoyi shida a gaba, girmansu ya yi kusa, kuma ana kama su a raga ɗaya a rana ɗaya. Bambancin yana kan fuskar sulken baya. Na Keratella an rarraba shi gida-gida masu kusurwa, kamar bayan kunkuru. Na Notholca kuwa layuka ne sirara da suka taso daga gindin ƙayoyi suka miƙe zuwa baya, babu layin da ya gitta su.

Waɗannan layuka ba sa bayyana da kansu. Idan aka buɗe wa madubi haske duka, sulken yakan ɓace cikin hasken, a ga gefensa kawai. Sai an rage ƙofar hasken da ke ƙarƙashin gilashi, ko a karkatar da hasken ya shigo ta gefe, sannan a juya maɓallin daidaita gani a hankali daga sama zuwa ƙasa. Da farko komai dishi-dishi ne, sai tudun bayan ya fito da layukansa, in aka ƙara sauka layukan su ɓace ciki da mahaifar ƙwai su bayyana, daga nan sai farantin ciki da 'yar tsagar da ke tsakiyar bakinsa. Wanda bai saba ba yakan tsaya a tsakiya, inda hoton ya fi kyau, alhali amsar tana sama. Dabbar da aka ajiye a fomalin ta fi nuna wannan, don ta riga ta janye kambinta ta bar ƙayoyin a fili. Mafi kyau duka shi ne sulken da ya mutu ya zama fanko, wanda ake yawan samu a gindin kwalba. Bai kamata a raina shi ba.

Idan an ga sulke, ƙayoyi shida, layuka a tsaye, kuma babu ƙafa, an kai ga dangi. Kaiwa ga nau'i kuwa ya dogara ne da ƙarshen sulken na baya da kuma awo. Notholca squamula, wadda masanin ƙasar Denmak Otto Friedrich Müller ya bayyana tun 1786, gajera ce mai faɗi, bayanta a zagaye babu wani tsini, tsawonta bai cika kai maikuromita 200 ba. Notholca acuminata, wadda Christian Gottfried Ehrenberg na Jamus ya bayyana a 1832, ta fi ta tsawo, takan wuce 200, kuma sulkenta yana sirancewa zuwa baya har ya zama wutsiya. Notholca labis tana tsakaninsu a siffa, da 'yar gajeriyar wutsiya mai dakusasshen baki, kamar an datse ta. Notholca foliacea tana da doro a tsakiyar baya, fuskar sulkenta kuma tana da ƙuraje-ƙuraje. A ruwan gishiri na bakin teku akwai irin su Notholca bipalium, mai ƙaya ɗaya a kowane gefe wadda ke motsawa. Wannan ya sa sanin ko ruwan na daɗi ne ko mai gishiri yake cikin abubuwan da ake rubutawa.

Awo ba a yin sa da kintace. Akwai ɗan gilashi mai layuka da ake sawa a mazubin ido na madubi, a daidaita shi da wani ma'auni da aka san tsawonsa, kuma kowane ƙarfin madubi da nasa lissafin. Ana auna tsawon sulke duka, da faɗinsa a inda ya fi faɗi, da tsawon ƙayoyin gaba, da na wutsiya. Dole dabbar ta kwanta daidai, domin in ta ɗan karkata wutsiyar acuminata takan gajarce a ido har ta yi kama da labis. Kuma ba a yanke hukunci da dabba ɗaya. Rotifa masu sulke suna sauya siffa gwargwadon yanayi. Tun wajen 1900 Robert Lauterborn ya nuna cewa ƙayar bayan Keratella cochlearis a ruwayen yankin kogin Rhine tana da tsawo a lokacin sanyi, tana gajarcewa ko ta ɓace a lokacin zafi. A 1966 John Gilbert ya nuna cewa Brachionus calyciflorus tana haifar 'ya'ya masu dogayen ƙayoyi idan akwai Asplanchna mai cin ta a cikin ruwan. Wutsiyar Notholca ma tana bambanta daga tafki zuwa tafki. Shi ya sa ake auna goma ko ashirin, a ga iyakar bambancin, kafin a ambaci suna.

Muƙamuƙi shi ne shaida ta ƙarshe. Ana fito da shi ne ta hanyar ɗiga ruwan wankin fararen kaya, irin su Hypo ko Jik, wanda aka sirka sosai, a gefen murfin gilashi, a janyo shi ta ɗaya gefen da takarda mai tsotse ruwa. Naman dabbar yakan narke a bar gaɓoɓi bakwai masu tauri: ɗaya a tsakiya, sauran shida biyu-biyu, ciki har da faranti biyu masu haƙora. Ba a ɗauke ido daga madubi a lokacin, don abin ƙarami ne ƙwarai kuma ruwa yana iya tafiya da shi. Ga Notholca, wannan yana tabbatar da cewa muƙamuƙin na niƙa ne, irin na iyalinta, amma ba shi ne babban abin raba nau'i ba. Ga Synchaeta da sauran marasa sulke, waɗanda ke dunƙulewa su rasa siffa a fomalin, sau da yawa shi kaɗai ne hanya.

Ƙwai ma yana taimakawa. Keratella da Kellicottia suna yawo da ƙwansu manne a ƙarshen sulke, Notholca kuwa ba ta saba ɗaukar nata ba. Kusan duk wadda za a gani a ɗigon ruwa mace ce, domin a mafi yawan lokaci matan suna haifar mata ba tare da namiji ba, abin da ke sa su cika tafki cikin 'yan makonni. A irin waɗannan rotifa maza ƙanana ne, ba sa daɗewa, kuma ba sa bayyana sai a wani ɗan lokaci. Idan aka yi barbara sai a samu ƙwai mai kaurin ɓawo da ke nutsewa cikin laka ya jira yanayi ya dawo daidai. Ta irin wannan hanya masu son sanyi ke tsallake watannin zafi, wasu kuma su koma can ƙasan tafkuna masu zurfi, inda ruwa ba ya ɗumama.

Littattafan da aka fi dogara da su a wannan aiki na Turai ne. Akwai babban aikin Walter Koste da Jamusanci na 1978, mai juzu'i biyu, da ɗan littafin Rosalind Pontin na wannan shekara kan rotifar filankton ta Birtaniya, da na Agnes Ruttner-Kolisko na 1974. Ana amfani da su ne ta bin tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Buɗe shafukan zane a zaɓi wanda ya fi kama shi ne hanya mafi sauri ta samun sunan da ba daidai ba. Su ma littattafan suna da iyaka, domin binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa suna ɗaya yana iya ɓoye nau'o'i da yawa masu kama ɗaya. Brachionus plicatilis, wadda ake kiwo don ciyar da 'ya'yan kifi, an gano cewa tarin nau'o'i ce har wajen 15. Don haka rubuta sunan dangi kawai, a tsaya nan, ba gazawa ba ce idan iyakar abin da hujja ta kai ke nan.

Wannan batu ya shafi ɗaliban ilmin halittu da na kiwon kifi a ƙasar Hausa kai tsaye, don galibi da waɗannan littattafai na Turai suke aiki. Hunturun Kano ko Damagaram yana sanyaya ruwa, amma bai kai shi kusa da digiri 4 ko 10 da Notholca ke so ba. Rotifar da ta mamaye ruwaye irin su madatsar Tiga da Kainji da tafkin Chadi ita ce ta ƙasashen zafi: Brachionus iri-iri, da Lecane, da Filinia, da Keratella tropica mai ƙayoyi biyu a baya, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Idan ɗalibi ya ga abin da ya yi masa kama da Notholca a irin wannan ruwa, ya kamata ya sake neman ƙofar ƙafa, ya sake duba fuskar sulke da karkataccen haske, domin Brachionus da ta janye ƙafarta, mai layuka a gindin ƙayoyi, tana iya yaudarar ido. In bayan haka alamomin sun tsaya daram, to abu ne da ya cancanci a adana shi: hoton baya da na ciki da na gefe, awon dabbobi da dama, zafin ruwa da gishirinsa, rana da wuri, da kuma kwalbar ruwan da aka sa wa fomalin, domin wani masani ya iya dubawa da idonsa.